Makarar da Ba Kowa a Ciki

Watan Dafa Wake, rana ta 2, hantsi

Ni ce Hediste, matar marigayi Filon maginin tukwane, a unguwar magina ta Atina. Na sa sunana ne don wanda ya tsinci farantan nan ya san tsohuwar da zai zaga. Mijina ya koya mini baƙaƙe don in riƙa sa suna a gindin tulu, ba don in yi surutu ba, amma ya tafi, ba mai hana ni. Farantan da suka tsage a wuta sun cika bayan tanderu, ga ƙusa a hannuna.

Yau kwana talatin da ɗaya da aka ce mun ci abokan gabanmu Sifatawa da yaƙi a teku. An yi kiɗa, an yanka shanu. Jiragen yaƙi sun yi ta dawowa tasharmu ta Firayus, ashirin da biyar ba su dawo ba. Wadda ake kira Tsattsewa tana cikin ashirin da biyar ɗin. Jikana Ameniyas yana tuƙi a cikinta, a layin ƙasa, dab da ruwa.

Ya iya iyo. Ni na koya masa. Na tura shi daga kan dutse yana shekara shida, ya fito yana zagina.

Rana ta 4, yamma

Ba labari. Ɗana Tiyodoto, uban yaron, ya je Firayus ya dawo. Ya zauna ya gina tulu uku, duka karkatattu. Na ce masa, "Waɗannan sai mashaya, su kaɗai za su gan su a miƙe." Bai yi dariya ba. Da Kunnen-tulu yana nan da ya yi. Haka nake kiran Ameniyas tun ranar da uwarsa ta haife shi ta bar mini, don kunnuwansa sun isa a ɗauke shi da su.

Rana ta 7, rana tsaka

An dafa waken bikin allanmu Afolo. Na zuba kwano huɗu. Rodilla matar Ameniyas ta dubi na huɗun, ta tashi ta shiga ɗaki.

Rana ta 10, yamma

Polizelo ya zo. Shi ne shugaban zuriyarmu yanzu, yaron da na sha share wa majina. Ya zo da wanzami a bayansa da baƙaƙen mayafai a kafaɗa, kamar mai talla.

Ya ce, "Iya, kin san bikin zuriyoyi saura kwana tara."

Na ce, "Na sani. Ka zo ne in ɗebe maka kuɗin cizon da ke gemunka?"

Ya ce, "Iya, ba wasa ya kawo ni ba. Sarakunan yaƙi sun ci nasara, suka bar 'ya'yanmu a ruwa. Masu rai ba su tsamo ba, waɗanda suka riga mu ba su kwaso ba. Suna cewa guguwa ce ta hana. Muna so duk gidan da aka yi rashi su fito biki da baƙi, kai a aske, daga nan maza su wuce taron gari a haka. Gari ya gani da idonsa."

Na ce, "To je ka gidajen da aka yi rashi."

Tiyodoto ya ce, "Inna."

Na ce, "Kada ka ce mini Inna da wannan muryar."

Polizelo ya durƙusa, ya rage murya. Wai a ɗauki makara ba kowa a ciki, a shimfiɗa mata mayafi, a kai bayan gari, a kira sunansa sau uku, a kafa dutse. Haka ake wa wanda teku ta riƙe, don mai fiton matattu ya yarda ya ƙetare da shi. Sai ka ce ban sani ba. Na ɗauki makara irin wannan kafin a haifi Polizelo.

Na ce, "Idan kuma ya dawo fa? Wanda aka yi wa makoki ya zama nasu, ba namu ba. Ba a taɓa shi, ba a amsa masa, ba ya shiga gida, ba ya shiga ɗakin alloli. Za ka mayar mini da yaro gawa mai tafiya don ka sami abin faɗa a kan tudun taro?"

Ya ce, "Kwana arba'in, Iya."

Na ce, "Talatin da tara. Ko ƙirga ba ka iya ba."

Sun tafi. Ya manta mayafi ɗaya a kan kujera. Bai manta ba.

Rana ta 11, sassafe

Ya iya iyo.

Rana ta 13, hantsi

Bitto maƙwabciyata ta yanke gashinta. 'Ya'yanta biyu suna jirgi ɗaya. Shekara arba'in muna zagin juna ta kan katanga, ita ta ce miyata ruwan wanka, ni in ce jakinta ya fi mijinta fara'a. Yau na leƙa na ce mata kanta ya yi kama da ƙwan jimina, don ta rama. Ta dube ni ta ce, "Hediste, nawa 'ya'yan ba su iya iyo ba ne?"

Na sauko daga kan turmin da na taka. Na shige ɗaki.

Rana ta 14, yamma

Wani matuƙi ya dawo daga tsibiran da aka yi yaƙin, ƙafa ɗaya. Na aika Tiyodoto. Mutumin ya ce ya ga Tsattsewa an huda ta a ciki, ta kwanta a gefe ɗaya. Gefen da Ameniyas yake? Bai sani ba. Ya ga wani ya fito? Bai sani ba. To me ya sani? Sunan mai sayar da giya ya sani.

Rana ta 16, sassafe

Rodilla ta zo ta zauna a ƙafafuna tun rana ba ta gama fitowa ba. Yarinyar nan shekara biyu tana gidan nan, kullum ina tsokanarta cewa ta ƙwace mini miji, kullum tana cewa, "Kaka, ai ke kika sake shi." Yau ba ta ce komai na dariya ba.

Ta ce, "Kaka, sau uku ke nan ina ganinsa. Yana tsaye a bakin wani ruwa, jiƙe sharkaf. Mutane suna shiga kwalekwale, shi ana ture shi. Yana cewa, ku zuba mini ƙasa ko tafi ɗaya ne. Yana rawar sanyi, Kaka."

Na ce, "Wake kika ci da yawa."

Ta ce, "Idan yana da rai, ba abin da jiranki ya ƙara masa. Idan ba ya da shi, ke kika tsayar da shi a can."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi ihu da na san abin da zan yi da ita.

Rana ta 16, rana tsaka

Yana tsoron sanyi tun yana ƙarami. Ko da bazara sai ya ja mayafina.

Rana ta 17, yamma

Na je na roƙi Uwa da 'Ya, allolin da mu mata muke rantsuwa da su. Na kai waina da zuma. Na ce su nuna mini ko da tsuntsu ne, dama ko hagu. Kaza ce kawai ta zo ta cinye wainar.

Rana ta 18, hantsi

Na yanke. Da hannuna, ban bar wanzami ya taɓa ni ba.

Rana ta 19, fitowar rana

Mun dawo. Makarar ba ta da nauyi, masu ɗauka suna ta yin sauri ba da niyya ba, sai Polizelo ya riƙa ce musu su rage. An ce ni zan kira sunan, tunda ni na raine shi. Na kira sau biyu. Na ukun Tiyodoto ne ya kira.

Rana ta 21, yamma

Bikin zuriyoyi ya ƙare. Kullum a bikin nan ana kawo jarirai a rubuta su, ana cin nama, tsofaffi suna ƙarya game da ƙuruciyarsu. Bana duk inda ka duba baƙin mayafi da ƙoƙon kai. Na ga mutane da askakken kai waɗanda na san ba su da ko kare a jirgi. Na ce wa ɗaya, "Kai kuma wa ka rasa, ɗan Simo?" Ya ce ɗan ƙanin kakan matarsa. Na ce, "Sannu. Ya sunansa?" Ya wuce.

Polizelo ya sa Tiyodoto a gaba saboda tsayinsa. Wai kansa yana ɗaukar ido daga nesa.

Rana ta 24, faɗuwar rana

Tun safe maza suna kan tudun taro. Mu mata muna jin hayaniyar daga nan kamar kasuwa ta kama wuta. Tiyodoto ya shigo yanzu. Na ba shi ruwa, na ce, "To?"

Ya ce an ajiye tulu biyu, ɗaya na a saki sarakunan yaƙin, ɗaya na ɗayan abin. Kowa ya jefa tsakuwarsa. Ba a yi wa kowane shari'arsa daban ba, an haɗa su ne gaba ɗaya kamar damin itace. Wasu sun ce doka ba ta yarda da haka ba, jama'a suka yi musu ca, aka ce duk wanda ya ƙara magana a haɗa da shi.

Na ce, "Sun yi magana, su sarakunan yaƙin?"

Ya ce, "Kaɗan. Guguwa, guguwa."

Na ce, "Kai wane tulu ka jefa?"

Ya ce, "Inna, an sa ni na tsaya a gaba. Kowa yana kallon kaina."

Na ce, "Ba wannan na tambaye ka ba."

Ya tashi ya je ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa, alhali bai taɓa yumɓu ba yau.

Rana ta 25, rana tsaka

Shida. An ce ƙoƙon dafi aka ba su, su sarakunan yaƙin. Biyu dama ba su dawo garin ba, su ne masu wayo.

Rana ta 28, hantsi

Na zaci zan ji sanyi a raina. Bitto ma ta zaci haka. Mun zauna kowa a gefen katangarta, ba wanda ya zagi wani.

Watan Guguwa, rana ta 3, yamma

Ruwa tun jiya. Rodilla ta daina mafarki. Ta ce ya ƙetare. To.

Rana ta 8, hantsi

Akwai mutum a ƙofar gida.

Rana ta 8, rana tsaka

Baƙaƙen suna hawa kan juna.

Ina tankaɗe garin sha'ir na ji an ce, "Tsohuwa, wa ya yi miki wannan ɓarna a ka?" Murya a shaƙe. Na ɗaga ido. Ƙashi da fata, gemu kamar na bunsuru, tsumma a jiki. Amma kunnuwan. Ba mai irinsu daga nan har Misira.

Na zubar da garin, na nufe shi. Tiyodoto ya kama ni ta baya, ya ɗaga ni sama kamar buhu. Na cije shi. Bai sake ni ba. Yana kuka yana cewa, "Inna, kada ki taɓa, kada ki taɓa, gidan duka zai ƙazantu." Rodilla ta fito, ta gani, ta sulale a bakin rijiya. Bitto ta watsa ruwa a ƙofarta ta rufe. Masu mana aikin tanderu biyu sun tsallake katanga.

Shi kuwa yana tsaye yana duban mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Baba? Ni ne fa." Ba wanda ya amsa. Ba a amsa wa wanda aka yi wa makoki. Sai ya ga reshen makoki da ke rataye a ƙofa, ya ga kan ubansa. Na ga lokacin da ya gane. Ya ja da baya da kansa, ya ce, "Au. Kun riga kun yi."

Yana rumfar tsingaro yanzu, bayan bangon ɗakina. Rabin rufin ya faɗi tun bara.

Rana ta 9, yamma

Da sanda ake tura masa kwano. Da sanda. Yana tari, tarin yana fitowa daga can ƙasa. Ruwa bai tsaya ba.

Ni na yi masa wannan. Kwana arba'in da bakwai na riƙe, na kasa riƙe ashirin.

Rana ta 10, hantsi

Polizelo ya zo, gashinsa har ya fara tsirowa. Ya tsaya nesa da rumfar. Ya ce da Tiyodoto gari ya fara juyawa, mutane sun fara cewa an yi gaggawa, ana neman waɗanda suka zuga. Wai ya fi kyau yaron ya tafi tsibirin Salamis a kwalekwale ba tare da an sani ba, inda ba wanda ya san an yi masa makoki.

Na ce, "Da wannan tarin? Kana so ka cika makarar da ka bari fanko?"

Ya ce, "Iya, ki fahimce ni."

Na ce, "Na fahimce ka tun kana yawo ba wando. Fita."

Rana ta 10, yamma

An hana ni magana da shi. Ba wanda ya hana ni magana da bango.

Na ja kujera na zauna, na ce, "Kai bango, yau zan ba ka labarin wata tsohuwa da ta auri kifi." Na ba bango labarin duka, har inda surukai suka zo biki aka rasa wa zai zauna a ina. Ƙarya na yi ta shirgawa, ban san ƙarshensa ba. Bangon ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Na ce, "Bango, akwai tsohon bargo a cikin babban tulun da ke kusurwa, wata ɓarauniya ta ajiye shi ɗazu." Na ji bangon yana jan bargo.

Rana ta 11, rana tsaka

Tiyodoto ya je wurin tsohon da ke fassara dokokin alloli. Akwai hanya, ɗaya tak. Wanda aka fitar ta ƙofar matattu ba ya dawowa ta ƙofar gida, sai dai a sake haihuwarsa. Mace ta zauna kamar mai naƙuda, ya fito ta ƙarƙashin zanenta, a wanke shi, a naɗe shi da tsumman jarirai, a ba shi nono. Daga nan ta zama uwarsa a wurin alloli.

Rodilla ta ce ita za ta yi. Na ce, "Sai ki zama uwar mijinki, ki gaya mini yadda za ku kwana." Ta rufe fuska. 'Yan'uwan uwarsa sun aiko cewa ba su da lafiya, su ukun, rana ɗaya.

Na ce, "Ni ce nan."

Tiyodoto ya ce, "Inna, shekararki saba'in da ɗaya."

Na ce, "Na haife ka da wannan ƙaton kan, me ya rage in ji tsoro?"

Tsohon ya ce sai jibi, gobe rana ce marar kyau. Jibi. Yana jin tarin nan kuwa?

Rana ta 12, yamma

Yau bangon ne ya ba ni labari. A hankali, yana hutawa.

Ya ce bayan an huda Tsattsewa suna manne da katako, su da yawa, suna jin kiɗan nasara daga nesa. Sai sama ta rufe. Ya ce, "Bango, ban taɓa ganin ruwa ya miƙe tsaye ba sai ranar." Ya ce ba jirgin da zai iya matsowa, wanda ya gwada sai ya dake su ya ƙarasa su. Duk da haka ɗaya ya gwada, na sarkin yaƙin da matuƙa ke kira Gemun Gishiri. Ya kasa isowa. Tsohon da kansa ya tsaya a baki, an ɗaure shi da igiya, yana jefa musu filafilai da salkunan ruwa da aka hura, har da kujerarsa. Salka ɗaya ta zo hannun Ameniyas. Ita ta kai shi gaɓa, masunta suka tsince shi, ya yi wata guda bai san sunansa ba.

Ya ce, "Ba don tsohon nan ba, da makararku ta yi daidai."

Gemun Gishiri yana cikin shidan da aka ba ƙoƙon dafi. Da na juya, Tiyodoto yana tsaye a bayana. Ban san tun yaushe ba.

Rana ta 13, faɗuwar rana

Na haihu. Namiji ne, da gemunsa.

Na zauna a kan kujerar naƙuda a tsakar gida, Rodilla ta riƙe ni ta baya. Aka buɗe ƙofar baya ya rarrafo. Tsohon mai fassara dokoki ya ce in yi nishi. Na yi, ba na wasa ba, ya zo da kansa. Ya shiga ƙarƙashin zanena ya fito, jikinsa zafi kamar tulun da aka ciro daga wuta. Na ɗora hannu a kansa. Kwana biyar ina jiran wannan.

Ungozoma ta ƙi zuwa. Muna neman wanda zai riƙe ruwan wanka sai ga Bitto ta shigo da tukunyarta, ruwan da ɗumi. Ba ta dubi kowa ba. Ta ce, "Matsa, ke ko jariri ba ki iya wankewa ba." Ita ta cuɗa masa baya. Tana cuɗawa hawaye na zuba a ruwan.

Mun naɗe shi da mayafai huɗu, ƙafafun suka ƙi shiga. Sai maganar nono. Na ce masa, "Kasuwar ta tashi shekara arba'in da suka wuce, amma taɓa ka shaida." Ya taɓa. Ya yi dariya, na yi, daga nan ban san wanda ya fara kukan ba. Rodilla ta faɗa kansa. Tiyodoto ya durƙusa ya kama ƙafar da ta leƙo, ya kifa goshinsa a kai.

Yana kwance a gadona yanzu, kusa da wuta, ya sha romo. Da aka watse ya kamo hannuna.

Ya ce, "Kaka, idan na iya tsayuwa, ki ce Baba ya zaɓo tulu mafi kyau a gidan nan, a cika shi da mai. Zan kai wa Gemun Gishiri da kaina. Kin san unguwarsu?"

Tiyodoto yana bakin ƙofa. Na ji ya fita.

Na ce, "Kai, jariri ba ya fita sai an yi suna. Kwana goma. Rufe baki ka yi barci."

Ya ce, "To, bayan suna."

Na ce, "Bayan suna."

Na hana Rodilla, na hana Bitto, na ce duk wadda ta faɗa masa sai na cire mata harshe. Ni zan faɗa. Duk labarin da na taɓa bayarwa a duniya na san ta inda zan fara shi.

Rana ta 14, sassafe

Zazzaɓin ya sauka. Ya ci ɓaure biyu. Saura kwana tara.